Gidajen kula da tsofaffi a Legas: tsinuwa ba za ta maye gurbin sa ido ba

Muhawarar da ta ɓarke kwanakin baya a zaurukan WhatsApp na 'yan Arewa mazauna Legas ta samo asali ne daga wata tambaya mai sauƙi, wadda har ƙura ta lafa ba a samu wanda ya amsa ta ba. Wata baiwar Allah ce ta tura tallar wani gidan kula da tsofaffi, ta yi bayanin cewa mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki, ita kuma aikin kwana take yi, ba ta da kowa a garin nan sai yara ƙanana, saboda haka tana neman wanda ya san ko gidan yana da rajista, kuma ko akwai ma'aikaciyar jinya da ke kwana a cikinsa. Abin da ta samu shi ne wa'azi da tofin Allah tsine. Wannan ya ce Bahaushe ba ya kai uwarsa gidan gajiyayyu, wancan ya ce ɗabi'ar Turawa ce ta ci mu da yaƙi, wani kuma ya turo doguwar murya a kan haƙƙin iyaye. Cikin masu maganar nan kaf, babu wanda ya ce zai karɓi jinyar ko da ta dare ɗaya, babu kuma wanda ya ce zai taka ya duba gidan ya dawo mata da labari.

Abin da ya dame ni ya wuce rashin tausayin da aka nuna wa mace guda. Wannan ɗabi'a ita ce ta sa al'ummarmu, duk da yawanta da daɗewarta a wannan birni, ba ta da bakin magana a kan yadda ake tafiyar da gidajen da wasu daga cikin tsofaffinmu ke kwance a cikinsu yanzu haka. Mun yanke hukuncin cewa abin ba namu ba ne, muka juya masa baya, shi kuwa ya ci gaba da yaɗuwa daga Ikeja zuwa Surulere, daga Lekki zuwa bayan Ikorodu, inda ake mayar da gidajen haya na zaman iyali su zama wuraren kwantar da marasa ƙarfi, a yi musu fenti, a ɗauki hoton falo a saka a Instagram.

Ba na jayayya da ayar Suratul Isra'i da ta hana mu ko da nuna ƙosawa ga iyayen da tsufa ya riska a wurinmu, kuma na yarda cewa babu inda ya fi dacewa da tsoho kamar cikin 'ya'yansa da jikokinsa, yana jin hayaniyarsu, ana kawo masa gaisuwa safe da yamma. Sai dai kyautata wa iyaye a jikin iyayen ake ganinsa. Tsohuwar da aka kulle wa ɗaki tun asuba a Idi-Araba saboda kowa ya fita neman abin sakawa a baki, ta wuni cikin fitsarinta har bayan isha'i, a gida take, kuma ban taɓa jin an tsine wa kowa a kanta ba, tun da ba a ganinta. Masu tsinuwar nan sutura suke karewa, suturar al'umma a idon mutane, sun kuma bar tsohon da ake maganar dominsa.

Ya kamata mu tuna su wane ne tsofaffin Hausawa a Legas. Akwai zuriyar fataken goro da na shanu da suka kafu a Agege tun farkon ƙarni na 20, lokacin da layin dogo ya haɗa Legas da Kano, waɗanda suke da gidaje da dangi da makabarta a nan. To amma akwai wasu dubbai da suka zo ci-rani suna samari, suka yi gadi, suka yi ga-ruwa, suka yi dako a Mile 12 da Alaba Rago, suka yi wankin takalmi a Obalende, shekaru suka tafi, iyayen da suka bari a gida suka rasu, aka raba gonar gado babu su, har komawa ta zame musu abin kunya. Irin wannan mutum idan hawan jini ya kayar da shi, ba shi da ɗan da za a yi wa wa'azi. Makwancinsa barandar masallaci ne, ko bayan shago, ko kuma gidan gajiyayyu na Oko-Baba a Ebute Metta, wanda kowa ya san mafi yawan mazaunansa mutanenmu ne. Duk wanda ya bi ta titin Kano a unguwar ya ga dattawa maza da mata a zaune suna bara, ya kamata ya ji nauyin furta cewa Bahaushe ba ya yar da tsohonsa.

Mun taɓa ganin inda irin wannan kau da kai yake ƙarewa. A watan Satumba na 2019, 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da mari a ƙafa, bayan nan aka gano makamantansa a Daura da Zariya har da Ibadan. Iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu, suna biyan kuɗi, domin buƙatar tana nan, hukuma ba ta samar da wuri ba, al'umma kuma ba ta son a ce akwai matsalar ƙwaya da taɓin hankali a cikinta. Duk buƙatar da aka ƙi amincewa da ita a fili, a ɓoye ake biya mata, kuma a ɓoye babu mai tambayar mai gida abin da yake yi da mutanen da ke hannunsa. Tsohon da ya ruɗe, ba ya iya tashi, ba ya iya riƙe waya, ya fi waɗancan matasan rauni nesa ba kusa ba.

Na ga wannan da idona. Akwai wani tsohon maigadi, mutumin wajen Maraɗi, da na sani tun ina ƙarami a Agege. Ya tsufa a ƙofar gida guda, da ɓarin jikinsa ya shanye kuma 'ya'yan maigidan, waɗanda ke ƙasashen waje, suka ɗauki nauyin kai shi wani gidan kula da tsofaffi suna biya duk wata, abin da babu ɗaya daga cikinmu da ya yi masa. Na je gaishe shi bayan la'asar. Harabar gidan fes take, da furanni a bakin ƙofa, a bangon falo kuma an rataye takardar rajistar kamfani ta CAC cikin gilashi. Da na shiga ɗakinsa wari ne ya fara tarbata. Na ce, "Baba, ina wuni, ya jiki?" Bai amsa gaisuwar ba, sai ya ce, "Ɗan nan, don Allah ka ce su juya ni." Da muka juya shi ni da yarinyar da ke aiki, sai ga gyambo a ƙasan bayansa da faɗin tafin hannu, wani kuma yana tasowa a dunduniya. An ajiye masa kofin ruwa, amma a gefen hannun da ya mutu. Yarinyar ba muguwa ba ce, idanunta sun yi ja saboda rashin barci, ta kuma gaya mini cewa da dare ita kaɗai ce a kan tsofaffi fiye da goma, cewa albashinta bai kai mafi ƙarancin albashi ba, kuma da ƙarfe goma ake datse ƙofar gidan da kwaɗo daga waje. Kafin in fito ya sake kirana, ya tambaye ni ina gabas take, domin tun da aka kawo shi bai samu wanda ya fahimci abin da yake tambaya ba.

Gyambon nan shi ne ma'aunin farko da ya kamata kowa ya sani. Idan mutum ya daɗe a kwance ta gefe guda, naman da ke tsakanin ƙashi da katifa yakan matse, jini ya daina isa gare shi, fatar ta mutu daga ciki. A jikin baƙar fata ba a ganin jan da littattafan jinya ke kwatantawa, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi tauri, shi ya sa wanda ba a horar ba ba ya lura sai fatar ta fashe. Abin da masu jinya suka saba shi ne a juya mara lafiya kusan duk bayan sa'a 2, dare da rana, a tsane masa jiki, a canza masa kunzugu da zarar ya ɓaci, a kuma rubuta lokacin a takardar da ke gefen gado. Ga mai ciwon suga, ƙaramin gyambo yana iya zama ƙwayar cuta a cikin jini cikin 'yan kwanaki. Wannan aiki ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada, hannu yake buƙata, hannu isasshe a tsakiyar dare. Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci a kan duk wani gidan tsofaffi ita ce, mutum nawa ne ke farke da ƙarfe uku na dare, kuma me aka koya musu?

Daga ƙarancin hannu ne sauran ɓarnar ke fitowa. Mai aikin da ta gaji takan rage wa tsoho ruwa da yamma don kada ya jiƙa shimfiɗa, alhali shi tsoho dama ba ya jin ƙishi kamar yaro, sai jikinsa ya bushe, cutar mafitsara ta kama shi, ya fara sambatu, a ce gigin tsufa ne ya ƙaru. Wanda cutar mantuwa ke sa shi yawo da dare, sai a ɗirka masa maganin barci ba da umarnin likita ba, ko a ɗaure masa hannu a jikin gado da zane. Wanda shanyewar jiki ta taɓa masa maƙogwaro, sai a ɗura masa koko yana kwance saboda ana sauri, ya shaƙe, abincin ya gangara huhu, bayan mako a ce ciwon haƙarƙari ne ya ɗauke shi. A banɗaki kuma ga tayil mai santsi babu abin dafawa, kuma karayar ƙugu ga mai shekara 80 sau da yawa ita ce kwanciyar da ba a tashi. Dukkan waɗannan idan suka faru sai mu ce kwana ne ya ƙare, mu yi salati, mu kai shi makwanci kafin azahar. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma bai taɓa ɗauke alhaki daga wuyan wanda ya yi sakaci ba, kuma saurin da muke yi wajen rufe magana ya zama garkuwa ga masu riƙon sakainar kashi.

Sai batun gobara, wanda idan na tuna kwaɗon nan nake rasa barci. Kowa ya san yadda gidajen Legas suke: tagogi duk an like su da ƙarafa saboda ɓarayi, ƙofar fita guda ɗaya, tukunyar gas a kicin, jarkar fetur ɗin janareta a ƙarƙashin matattakala. A irin wannan gini ne ake kwantar da mutanen da ba sa iya tafiya, wasu ma a saman bene. A watan Janairu na 2014, gobara ta tashi da dare a wani gidan tsofaffi a ƙauyen L'Isle-Verte na yankin Kebek a Kanada, mutum 32 suka mutu, kuma bincike ya nuna cewa tsohon sashen ginin ba shi da na'urar yayyafa ruwa, ma'aikatan dare ba su isa su kwashe mutanen ba. Wannan a ƙasar da hanya take a buɗe ke nan. A nan inda motar kashe gobara za ta yi fama da cunkoso da lunguna kafin ta iso, yarinya guda ba za ta iya sauko da mutum goma daga bene ba, ballantana idan makullin yana aljihun wanda ya tafi gida.

Zafi ma kisa yake yi, kodayake ba ma lissafa shi. A 2017, bayan guguwar Irma ta katse lantarki a jihar Florida ta Amurka, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya a wani gidan jinya da ke garin Hollywood, tsofaffi 12 suka mutu saboda zafi, abin da ya sa jihar ta wajabta wa irin waɗannan gidaje mallakar janareta da ajiyar mai. Abin da ya zo musu sau ɗaya da guguwa, mu shi ne zamanmu na kullum. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma ƙara kuɗin wuta ga rukunin A, wato unguwannin da aka fi ba wuta, a watan Afrilu na 2024, duk mai gudanar da gida yana lissafin sa'o'in da zai kunna janareta, kuma wanda ba ya iya ƙorafi shi ne farkon wanda za a kashe wa fanka a daren Maris. Firijin da ake ajiye allurar masu ciwon suga shi ma da wutar nan ya dogara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 masu shekara 60 zuwa sama sun fuskanci wani nau'in cin zarafi a cikin al'umma a tsawon shekara guda, ta kuma ce a cibiyoyin kula da tsofaffi ma'aikata 2 cikin 3 sun amsa da bakinsu cewa sun aikata hakan. Masu tsinuwa za su rungumi adadi na biyu su ce ga hujjarsu, su tsallake na farko, wanda yake magana a kan gidajenmu. Ni abin da na karanta a ciki shi ne cewa duk inda mai rauni ya kasance a hannun wanda ya gaji, ba a horar da shi ba, babu kuma mai leƙowa, cutarwa za ta auku, ko a ɗakin 'yarsa ne ko a gidan kuɗi. Ostareliya ta kafa babban kwamitin bincike a kan wannan a 2018, ya miƙa rahotonsa na ƙarshe a 2021 da shawarwari 148, kuma abin da ya fi fitowa fili daga ciki lissafin hannu ne: daga watan Yuli na 2023 dole a samu ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya a kowane gida dare da rana, daga Oktoba na shekarar kuma aka sa ma'aunin minti 200 na kulawa a rana ga kowane mazauni. Mu kuwa hannun ficewa yake yi. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ta bayyana a 2024 cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara 3, kuma da yawa daga cikin 'ya'yanmu da suka tafi Ingila, tsofaffin can suke juyawa a kan gado. Wadda ta rage a nan, idan albashinta bai kai naira 85,000 da gwamnatin Legas ta sanar a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 ba, da zarar ta koyi aikin za ta nemi gaba.

Takardu ba su ne muka rasa ba. Sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci kula da tsofaffi cikin manufofin ƙasa, sai dai yana cikin babin da ba a iya kai gwamnati kotu a kansa. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a farkon 2018, aka amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, cibiyar kuma ƙarƙashin Dakta Emem Omokaro ta fitar da ƙa'idojin horar da masu kula da tsofaffi da na tantance wuraren da suke aiki. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su samar da hanyar keken guragu, wa'adin kuma ya cika. A Legas akwai Ma'aikatar Matasa da Walwalar Jama'a da ke riƙe da gidan tsofaffi na Yaba, akwai HEFAMAA da aka kafa a 2006 don tantance cibiyoyin lafiya, akwai hukumar kashe gobara, akwai ta kula da gine-gine. Matsalar gidan tsofaffi ita ce ya faɗa a tsakaninsu: ta wani gefen wurin jinya ne, ta wani gefen masauki ne, ta wani gefen kuma kasuwanci, kuma abin da yake na kowa da kowa sau da yawa ba shi da mai shi. Takardar CAC da ake ratayewa a falo shaida ce kawai ta cewa an yi wa sunan kasuwanci rajista, ba ta ce komai a kan ko an san yadda ake ciyar da mai shanyewar jiki ba.

Wanda yake ganin lasisi kaɗai ya wadatar, ya dubi Afirka ta Kudu. A 2016 gwamnatin lardin Gauteng, da sunan rage kashe kuɗi, ta kwashe masu lalurar ƙwaƙwalwa sama da 1,000 daga cibiyoyin Life Esidimeni ta rarraba su ga ƙananan ƙungiyoyi, wasu a gidajen zama na unguwa. Mutum 144 suka mutu, da yawansu saboda yunwa da ƙishi da rashin magani, kuma mai binciken ƙorafin lafiya na ƙasar ya gano cewa lasisin da aka ba ƙungiyoyin ba su inganta ba. An sa hannu, an buga hatimi, babu wanda ya koma ya ɗaga bargo. A Ingila, hukumar CQC mai sa ido kan asibitoci da gidajen tsofaffi, da ta fara aiki a 2009, tana shiga gidajen ba tare da sanarwa ba, ta ba kowanne matsayi cikin huɗu, ta kuma wallafa rahoton a intanet yadda kowa zai karanta kafin ya kai mahaifinsa. Ita ma ana sukarta, an kuma sha kama ta da jinkiri, amma dai ɗan da ke neman wuri yana da abin dubawa. Mutumin da zai sayi ragon layya a Alaba Rago sai ya buɗe masa baki ya ƙirga haƙora, ya shafa bayansa ya ji nama, amma idan uwarsa zai damƙa wa baƙi, hoton falo kawai ake nuna masa.

Akwai masu cewa a kwafo dokokin Ingila ɗungurungum, su kuwa ba su damu ba idan hakan ya rufe kowane gida sai na masu biya da dala. Akwai masu cewa a haramta gidajen baki ɗaya, waɗanda ba su taɓa faɗin inda za a kai mutanen da ke ciki ba. Masu cewa gasar kasuwa za ta gyara komai sun manta cewa mai cin kayan a nan ba ya iya tashi ya koma wani shagon.

Akwai kuma ɓangaren inganci da babu wanda zai rubuta shi cikin ƙa'ida idan mu ba mu je wurin rubutawa ba, kuma nan ne shirunmu ya fi yin ɓarna. Likitocin tsofaffi sun san cewa mai cutar mantuwa yakan rasa harsunan da ya koya da girma ya koma ga na goyo. Dattijon da ya shekara 50 yana ciniki da Yarabanci da Turancin buroka a Agege, yana iya wayar gari ba ya jin komai sai Hausa ko Fulatanci ko Zabarmanci, kuma idan babu mai jin harshensa a gidan, ba zai iya cewa ƙirjinsa na ciwo ba, za a rubuta shi a matsayin mai taurin kai. Wannan magana ce ta tsaron rai. Haka nan tsohuwar da ta rayu cikin lulluɓi, a ce namiji ne zai yi mata wanka saboda shi ke kan aiki, za ta ƙi wankan, ta ƙi abinci, ta ƙuntata har ta mutu. A samu mai taimaka wa mutum ya yi alwala ko taimama, a nuna masa alƙibla, a tabbatar masa da halascin naman da ke cikin miyarsa, a san wanda za a kira idan ya cika don kada gawarsa ta kwana biyu a ɗakin ajiya ana neman dangi, duk waɗannan suna cikin mutuncin da kulawa ke nufi. Ga kuma batun dukiya: wa ke riƙe da katin cirar kuɗinsa da wayarsa, wa ke shaida idan aka dangwala yatsansa a takardar fili? Gidan da darikar Katolika ke gudanarwa a Mushin ya daɗe yana karɓar tsofaffin da ba su da kowa, domin mabiyanta sun ɗauki hakan ibada. Mu da muke da zakka da waƙafi, muke da attajiran canji da na shanu da na tireloli a Apapa, mun gina masallatai masu hasumiya a kowace unguwa, amma mun bar wanda ya tsufa a sahun farko yana kwana a barandarsu.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin jihar da ke tara harajin da ya fi na kowace jiha a ƙasar nan ba. Hukuma guda ta ɗauki alhakin gidajen nan da sunanta, ta ƙayyade yawan ma'aikatan dare gwargwadon yawan mazauna, ta hana kwantar da wanda ba ya tafiya a bene, ta hana kulle ƙofa daga waje, ta riƙa kai samame da dare ba da rana ba, ta kuma sa a bayar da rahoton duk mutuwa da duk karaya. Asibitin koyarwa na Ibadan yana da cibiyar lafiyar tsofaffi tun 2012, saboda haka masu horarwa suna kusa. Dangi kuma a ba su damar shiga kowane lokaci ba sai ranar ziyara ba, domin gidan da ke tsoron baƙon ba-zata ya riga ya faɗi abin da ke cikinsa.

Sauran aikin namu ne. Idan aka rufe kasuwar Mile 12, ko aka hana acaba kamar yadda aka yi a ƙananan hukumomi 6 a watan Yuni na 2022, cikin kwanaki kaɗan sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin Arewa suke haɗuwa su nemi ganin hukuma, domin abin ya taɓa aljihu. Sarakunan nan na Agege da Idi-Araba da sauran zangogi, tare da limaman Juma'a, su ne suka fi kowa sanin tsofaffin da ba su da mai kula da su, tun da a ƙofarsu ake kawo labarin rasuwa ana neman kuɗin likkafani. Su ɗauki hanyar Alausa, inda ofisoshin gwamnatin jihar suke, da wannan maganar kamar yadda suke ɗauka da ta kasuwa, su nemi a ba su jerin gidajen tsofaffin da ke da izini a jihar da ranar da aka duba kowanne a karo na ƙarshe, sannan su naɗa mata da maza masu jin Hausa da za su riƙa zagaya gidajen da mutanenmu ke ciki, da izinin ɗaga bargo su duba bayan mara lafiya.